Hotunan Apollo: me ya sa ramukan wata ke fitowa kamar tuddai, kuma yaya ake auna tsaunukan?

Malamin_Kimiyya, Tudun Wada

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Malamai da masana na wannan zaure, ina neman a haska mini. Ƙungiyar kimiyya ta wata sakandare a nan Zariya tana shirin baje kolin hotunan duniyar wata da 'yan sama jannatin Apollo suka ɗauko, musamman na ramuka da tsaunuka. Ana so a buga su a takardar A3 a manna a bangon aji, kowanne da bayaninsa a ƙasa.

Ga inda aka maƙale. Wasu ramukan idan an buɗe su a kwamfuta sai su fito kamar tuddai, a yi ta gardama ko rami ne ko tudu. Ba kuma wanda ya iya cewa ga girman abin da ake gani. Akwai wasu ƙananan alamomin tarawa da suka jeru a kan hotunan, mai bugu ya ce zai iya goge su, ban sani ba ko a bar shi. Gwajin bugu na farko ya fito baƙi ƙirin, inuwa ta cinye rabin hoton. Sannan yaya ake bambance hoton da mutane suka ɗauko da wanda kumbo marar matuƙi ya aiko, tunda a intanet duk an gwamutsa su? Burin shi ne ɗalibi ya ɗauki rula ya auna wani abu da kansa, ba ya kalla ya wuce ba. Na gode.

Mai_Taswira, Samaru

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara basira. Zan fara da tambayarka ta ƙarshe, don ita ke buɗe sauran.

Kowane hoton Apollo yana da lamba, kuma hoton da ba a san lambarsa ba kada ya hau bango, komai kyansa. Ɗauki AS08-14-2383. AS08 Apollo 8 ke nan, 14 lambar akwatin fim ce, 2383 kuma lambar hoton. Shi ne wanda William Anders ya ɗauka ranar 24 ga Disamba, 1968, inda duniyarmu ke leƙowa daga bayan wata. Galibin masu lamba a wannan siga kyamarar hannu ce ta ɗauke su. Idan kuwa ka ga harafi a tsakiya, kamar AS15-M ko AS17-P, to manyan kyamarori biyu ne da aka girke a jikin kumbon Apollo 15, 16 da 17. M ta taswira ce, ƙirar Fairchild. P kuma ƙirar Itek ce, mai ɗaukar dogon hoto siriri. Matuƙin da aka bari yana kewaya wata shi ke kunna su daga ciki, a hanyar dawowa kuma dole ya fita waje ya ciro fim ɗin, domin sashen da kyamarorin suke a ciki jefar da shi ake yi ya ƙone kafin a sauka. Alfred Worden ne ya fara yin wannan fitar, a watan Agustan 1971.

Na marasa matuƙi suna da tasu shaidar. Hotunan Lunar Orbiter na 1966 da 1967 suna da ratsi-ratsi a jere, saboda a cikin kumbon aka wanke fim ɗin aka aiko shi zara-zara ta rediyo. Na LRO, wato kumbon Lunar Reconnaissance Orbiter da aka harba a 2009, lambarsu tana farawa da M sannan doguwar lamba ta biyo, ba AS a gaba. Kada wannan M ta rikice da ta AS15-M. Inda za ka nemi hoto da lambarsa: Apollo Image Atlas na Lunar and Planetary Institute, da rumbun Jami'ar Jihar Arizona, da Project Apollo Archive a Flickr.

Batun rami ya koma tudu ba laifin kwamfuta ba ne. Ido ya saba haske daga sama yake zuwa, don haka duk abin da ya gani da haske a sama da duhu a ƙasa sai ya ɗauka kumbura ya yi. Idan rana ta fito daga ƙasan hoton, rami zai ba da wannan kamar. Juya hoton ƙasa ya koma sama, nan take zai faɗa ciki. Ƙa'idar da za a koya wa ɗalibai ita ce: a cikin rami, inuwa tana kwantawa a bangon da ke ɓangaren rana, bangon da ke can nesa shi ke shan haske. A tudu kuwa gefen da ke fuskantar rana ne mai haske, inuwar ta zube a fili a bayansa. In ba a san inda ranar take ba, a duba ƙananan da'irorin da suka cika hoton. Kusan dukansu ramuka ne, gefensu mai duhu shi ke nuna rana.

Ga awo kuwa, hotunan M ne suka fi dacewa da rula. Nisan idon kyamarar da fim milimita 76 ne, hoton a kan fim kuma milimita 114 ne a kowane gefe. Raba tsayin kumbo, a kilomita, da 76, zai ba ka kilomita nawa ke cikin milimita ɗaya na fim. A tsayin kilomita 110 da suka fi yin aiki, kusan 1.45 ne, hoton gaba ɗaya kuma ya rufe kilomita 165 a kowane gefe. Idan an buga shi ya fito santimita 25 a takarda, raba 165 da 250: milimita ɗaya a takarda kilomita 0.66 ne. Wannan lambar a rubuta ta ƙarƙashin hoton.

Tsayin tsauni daga inuwarsa ake samu. Auna inuwar daga ƙololuwa zuwa inda ta ƙare, a bi layin da hasken ya bi, a mayar da ita kilomita, a ninka da tan (tangent na lissafin kusurwa, ana samunsa a kalkuleta) na kusurwar rana. Atlas ɗin da na ambata yana ba da kusurwar rana da tsayin kumbo da karkatar kyamara a shafin hoton. Misali inuwa ta fito milimita 9, wato kilomita 5.9, rana tana digiri 15, tan ɗinta 0.268. Tsaunin ya kai kimanin kilomita 1.6.

Abu biyu ke ɓata wannan lissafin. Na farko, wasu hotunan M a karkace aka ɗauke su, ana hango ƙarshen gari a cikinsu. Waɗannan sun fi kyau a bango amma ba su aunuwa, domin milimita ɗaya a gaban hoton da milimita ɗaya a can baya ba ɗaya ba ne. A zaɓi waɗanda kyamara ta kalli ƙasa kai tsaye. Na biyu, kusurwar ranar da aka rubuta ta tsakiyar hoton ce kawai. Wata ƙarami ne, daga tsakiyarsa zuwa fatarsa kilomita 1,737, don haka duk kilomita 30 da ka matsa wajen rana kusurwar ta ƙaru da digiri ɗaya, in ka ja baya ta ragu. Daga tsakiya zuwa gefen hoton M bambancin ya kusa digiri 3. Idan rana tana digiri 30 wannan ba babbar ɓarna ba ce, amma idan tana digiri 5, tsaunin da ke gefe zai iya fitowa ninki biyu na tsayinsa.

MaiHoto_PZ

Malam, don Allah a hana mai bugun nan goge alamomin. Su ne rula da aka haɗa da hoton tun daga can.

Kyamarar da aka sauka da ita Hasselblad ce ta ƙasar Suwidin, da ido Zeiss Biogon mai milimita 60, da fim ɗin Kodak mai faɗin milimita 70. An yi fim ɗin siriri don akwati ɗaya ya ɗauki hoto kusan 160 na kala ko 200 marar kala. Dab da fim ɗin akwai farantin gilashi da ake kira Réseau, an zana masa alamomi 25, biyar-biyar a layi biyar, tsakanin kowace da 'yar uwarta milimita 10, ta tsakiya ta fi sauran girma. Amfaninsu na asali shi ne a gane ko fim ya miƙe ko ya motse wajen wanki. Amfaninsu gare ka kuwa biyu ne. Idan babbar alamar ba ta tsakiya, ko ba su cika 25 ba, an yanke hoton. Sannan 10 a kan 60 ɗaya bisa shida ne, ma'ana duk abin da ya cika tsakanin alama biyu, faɗinsa ɗaya bisa shida ne na nisansa da mai ɗauka. Dutsen da ke nisan mita 30 ya cika rabin tsakani, faɗinsa mita biyu da rabi ne. Wannan ya fi zama daidai a kusa da tsakiyar hoton, kuma na ido mai 60 ne kaɗai. Daga Apollo 15 an tafi da ido mai milimita 500 don jawo tsaunuka, lissafinsa daban ne.

Amma alama ba hujja ba ce cewa mutum ne ya ɗauka. Hotunan Ranger marasa matuƙi su ma suna da alamomi, hoton Anders da aka ambata a sama kuma ba shi da ko ɗaya. A dogara da lamba.

Wani ɗalibi zai nuna inda alamar ta ɓace a kan wani farin abu ya ce ai an liƙa abin ne a kanta. Kaurin layin milimita 0.02 ne kacal. Inda haske ya yi wa fim yawa yakan malala ya rufe siririn layi, kwafi a kan kwafi kuma ya ƙarasa shi. A sababbin hotunan da aka ɗauko daga fim na asali sau da yawa ana ganin layin, dishi-dishi. Haka tambayar taurari. Kyamarar da ake aiki da ita a waje ba ta da wurin leƙawa, a ƙirji ake maƙala ta, an kuma tsara saitin tun daga gida: ɗaya bisa 250 na daƙiƙa, ƙofar haske f/8 ko f/11 a rana, f/5.6 a inuwa. Wannan saitin tsakar rana ne, taurari kuwa sai an bar kyamara a buɗe na daƙiƙoƙi kafin su kama. Duk mai shakka ya sa wa wayarsa ɗaya bisa 250 ya ɗaga ta sama da daddare.

Bugu yanzu. Baƙin da ka gani dalili uku ne suka haɗu. Fuskar kwamfuta haske take fitarwa, takarda kuwa aron haske take, don haka kullum bugu ya fi duhu. Na biyu, masu bugu suna da al'adar danna gyaran kai-tsaye don hoto ya yi kaifi, shi kuma wannan gyaran yana tura duk abin da ke cikin inuwa zuwa baƙi. A hoton biki ba komai, a hoton wata kuwa rabin bayanin a bakin inuwa yake. Na uku, in an aika hoton ta WhatsApp a matsayin hoto, an matse shi tun kafin ya isa shago. A aika shi a matsayin takarda, ko a kai a filashi.

Abin da za a yi: a sauke mafi girman kwafi. Santimita 25 a ɗigo 300 kowane inci yana son fiksel kusan 2,950 a gefe, na Flickr kuwa sun haura 4,000, sun isa. A ɗaga hasken tsakiya kawai, ba hasken hoton duka ba, har sai an fara ganin tsakuwa a bakin inuwa, amma sama ta zauna baƙa. In sama ta koma toka-toka an wuce gona da iri. Hotuna marasa kala a mayar da su marasa kala na gaskiya kafin bugu, in ba haka ba injin zai haɗa tokar da tawadar kala ta fito da ɗan kore ko shuɗi. Takarda marar sheƙi, leda ma marar sheƙi, don baƙin sama a ƙarƙashin leda mai ƙyalli madubi yake zama. Fileks na talla kuwa a bar shi, ɗigonsa manya ne, zai haɗiye ƙananan ramuka da alamomin gaba ɗaya. Kafin a buga duka, a yanki wani sashe mai inuwa da haske a buga shi a A4, a duba shi a cikin ajin da za a manna, ba a ƙarƙashin fitilar shago ba. Kuma a ce wa mai bugu kada ya ja hoton ya cika takarda. Murabba'i ne, in an ja shi ramuka sun zama ƙwai, awon da Mai Taswira ya koyar ya tashi a banza.

Malamin_Kimiyya, Tudun Wada

Allah ya saka muku da alheri, an juya hotunan kuma ramuka sun koma ramuka. Saura ɗaya. A hotunan Apollo 15 an rubuta cewa tsaunin Hadley ya haura kilomita 4, amma a ido kamar ɗan tudun da yaro zai hau ya sauko kafin a tashi tara. Sumul yake kuma, ba tsini ba kaifi. Akwai ma hotuna biyu da tsaunin baya iri ɗaya ne sak, amma a ɗaya akwai kumbo a gaba, a ɗayan babu. Me za a ce wa ɗalibai?

Malama_Ilimin_Duwatsu, Kongo

Malam, barka da ƙoƙari. Adadin da aka rubuta daidai ne, Hadley ya haura kilomita 4 daga filin da ke gindinsa, maƙwabcinsa Hadley Delta kuma kusan 3.5. Idon ne aka ƙwace wa abin da yake auna nisa da shi. A sa ɗalibai su tuna yadda dutsen Kufena na Zariya ke fitowa daga nesa, fari-fari, a lokacin hazo ma ya kusa ɓacewa, alhali bishiyar da ke kusa tana nan da launinta. Wannan dusashewar iska da ƙura ke kawo ta, kuma da ita ƙwaƙwalwa ke cewa wancan yana nesa. A wata babu iska. Tsaunin da ke kilomita 15 da dutsen da ke mita 15 kaifinsu ɗaya a hoto. Ba bishiya, ba gida, ba sandar lantarki da za a gwada da su. Ƙarshen gani ma ya matso: mai tsayuwa a shimfiɗaɗɗen fili a duniya yana hangen kusan kilomita 4.7, a wata kuwa 2.4 ne, don haka gindin tsauni mai nisa yakan faɗa bayan lanƙwasar ƙasa, saman kawai ake gani.

Su kansu waɗanda suka je abin ya ruɗe su. A Fabrairun 1971 Alan Shepard da Edgar Mitchell na Apollo 14 suka hau neman bakin ramin Cone, mai faɗi sama da mita 300, da taswira a hannu, har lokaci ya ƙure suka juyo ba su gan shi ba. Hotunan LRO sun nuna sawunsu ya tsaya kimanin mita 30 daga bakin.

Hotuna biyu masu baya ɗaya lissafi ne mai sauƙi. Idan tsauni yana kilomita 10 ka matsa gefe mita 100, ya gusa da rabin digiri da ɗan kai, wato milimita 0.6 a kan fim. Ido ba zai kama ba. Kumbon da ke mita 50 kuwa ya fita daga hoton tuni. Ɗora hotunan biyu a kan juna a kwamfuta za a ga tuddan kusa sun gusa fiye da na nesa, kuma da irin wannan gushin ake fitar da nisa. Shi ya sa 'yan sama jannatin kan ɗauki hoton dutse, su taka gefe taki ɗaya, su sake ɗauka.

Sumul ɗin kuma gaskiya ne. Masu zane na da can sun yi ta zana tsaunukan wata da tsini, saboda a madubin hangen nesa inuwarsu tsini gare ta. Amma inuwar rana mai digiri 2 ta ninka tsayin abu kusan sau 29, ta digiri 5 sau 11, kowane ɗan ƙusumbi sai ya zama mashi. Tsaunukan kansu shekara biliyoyi ƙananan duwatsun sararin samaniya suna dukansu, suna niƙa su, garin yana gangarowa yana rufe kaifi. Asalinsu ma ba irin na tsaunukan duniya ba ne. Jerin Apennine, inda Hadley yake, bakin wani ƙaton rami ne, Imbrium, mai faɗi sama da kilomita 1,100, da wani babban karo ya haƙa kimanin shekara biliyan 3.9 da suka wuce. Daga baya narkakken dutse ya cika cikinsa ya daskare, shi ne baƙin filin da ake gani da ido daga nan.

Wajen zaɓen hotuna, a jera su daga ƙarami zuwa babba, domin siffar rami tana canzawa da girmansa. Duk ramin da bai kai kilomita 15 ba galibi kwano ne sumul, zurfinsa kusan ɗaya bisa biyar na faɗinsa in sabo ne. Linné, mai kilomita 2.4, wanda kyamarar P ta Apollo 15 ta ɗauka, shi ake koyarwa da shi. Daga kilomita 15 zuwa 20 bango ba ya iya riƙe kansa, yana zaftarewa hawa-hawa, ƙasan ramin kuma ta yunƙuro ta bar tsauni a tsakiya. Copernicus faɗinsa kilomita 93 ne amma zurfinsa 3.8 kawai, ɗaya bisa ashirin da huɗu ke nan. A nemi AS17-M-2444, inda yake kwance a ƙarshen gari, ramin Pytheas yana gabansa. Daga bayan wata, wanda ba a ganinsa daga duniya, akwai Daedalus da Apollo 11 ya ɗauka, da Tsiolkovskiy mai baƙar ƙasa da farin tsauni a tsakiya, faɗinsa kusan kilomita 185, a hotunan Apollo 15. Tambayar me ya sa duk da'ira ne za ta zo. Dutsen yana isowa da gudun kilomita goma sha wani abu zuwa ashirin a daƙiƙa, fashewa ce ke haƙa ramin ba turawa ba, fashewa kuwa ba ta da gefe. Sai wanda ya zo a kwance sosai ke barin dogon rami, kamar Messier.

Ni dai ina so a bar wuri ɗaya a bangon don Apollo 16. Daga hotunan sama masana sun yanke cewa tuddan Descartes aman wuta ne ya yi su, kuma kan haka aka zaɓi wurin. John Young da Charles Duke suka sauka a Afrilun 1972, suka tarar da duwatsun da karo ya farfasa ya sake haɗewa. Ɗalibin da ya san wannan ba zai ga siffa a hoto ya rantse kan abin da ya yi ta ba.

Gwajin aji: tire mai zurfi, busasshen yashi mai laushi santimita 8, a barbaɗa toka a sama, a saki tsakuwa daga tsayin kafaɗa, a cire ta a hankali. A rufe tagogi, a riƙe tocila mai ƙwai ɗaya mita 2 daga tiren, santimita 35 sama da fuskar yashin, digiri 10 ke nan. A ɗauki hoto daga sama ba filasha, da rula kwance a gefe. A auna inuwa, a ninka da 0.176, a gwada da zurfin da tsinke ya nuna.

Mai_Taswira, Samaru

Malama, a gafarce ni, santimita 35 ɗin ya yi wa tudu daidai amma ba zai ba da zurfin rami ba. Lissafin yana auna bambancin tsayi ne tsakanin bakin da ya jefa inuwar da wurin da kan inuwar ya sauka. A digiri 10 inuwar ta tsallake tsakiyar ramin ta hau bangon can, sai amsar ta fito ƙasa da gaskiya, ɗalibai su ce dabarar ba ta aiki. Ga rami mai zurfin ɗaya bisa biyar, kan inuwa yana sauka a tsakiya ne idan tan ya kai 0.4, wato kusan digiri 22. A ɗaga tocilar zuwa santimita 80 a ninka da 0.4. Ramin yashi yakan fi haka faɗi ko zurfi, don haka mafi sauƙi shi ne a riƙa ɗaga tocilar a hankali har kan inuwar ya zo tsakiya, sannan a auna tsayinta a raba da santimita 200. Haka ma a hotunan M: a auna ramukan da inuwa ta cika rabinsu, a bar waɗanda ta cike.

Malam, hotunan da aka juya a sa musu kibiya biyu a gefe, ɗaya ta arewa, ɗaya ta inda rana ta fito, in ba haka ba ɗalibi zai kasa samun wurin a taswira. Don duba amsa, a buɗe QuickMap, taswirar wata ta LRO da ke intanet, a rubuta sunan ramin, a ja layi a kansa, zai zana hawa da gangarensa da mita. In amsar rula ta zo kusa da wannan, aikin ya yi. A rubuta NASA da lambar hoton a ƙasan kowanne.

In za a haɗa da kallon dare, a duba kwanan watan Musulunci. Wajen daren 7 zuwa 8, lokacin da wata ya kai rabi, layin da ya raba haske da duhu yana kusa da Apennine, inuwoyinsu dogaye. Kwana biyu bayan haka rana ke fitowa a Copernicus. Madubin hangen nesa na hannu mai 10x50, a jingine shi da katanga don kada ya yi rawa, zai nuna jerin tsaunukan da zoben Copernicus, hawa-hawan bangonsa kuwa sai madubi mai faɗin milimita 70 ko 80. Daren 14 da 15 a bar su, rana tana bayan mai kallo, babu inuwa, ramukan sun baje. A Zariya rabin wata yana can sama da magariba, yana gangarawa yamma da gefensa mai haske a ƙasa, don haka taswirar ce za a riƙa juyawa har ta dace da shi. Oktoba zuwa farkon Nuwamba ya fi, ruwa ya ɗauke hazo bai sauko ba. A kuma gaya wa ɗalibai tun da wuri ba za su ga kumbon da aka bari ba. Faɗinsa daga ƙafa zuwa ƙafa kusan mita 9 ne, madubin hangen nesa na Hubble da ke sararin samaniya ma ba ya rarrabe abin da bai kai kimanin mita 90 ba a kan wata.